Wanda Aka Yanke Daga Kan Gada

Ranar Laraba da safe, kwana tara da buɗe nunin zane a benen Madam Hortense, aka tarar an huda zanen Octave Derouin.

Tun daga matakala Firmin Rabut yake jin hayaniyarsu. Ya hau a hankali, don gwiwoyinsa sun daina son bene. Ɗan mafarauci ne daga dajin Morvan, ya yi shekara ashirin yana bin sawu wa 'yan sandan Paris. Ya ajiye aiki shekara shida da suka wuce, bayan an murƙushe tawayen birni, a makon nan da aka yi ta jera mutane a jikin bango ana harbewa. Yanzu karnukan attajirai yake nemowa in sun ɓace, da agogon da aka zare a kasuwa.

Masu zane kusan goma ne a falon, kowa na magana, ba mai saurare. Su ne waɗanda babban nunin shekara ya ƙi karɓar aikinsu, suka haɗa kai suka kama wuri nasu. Jaridu na kiransu 'yan dangwale.

"Hassada ce!" in ji Octave, siririn mutum mai jan gemu. "Kowa a ɗakin nan ya san wanda ya yi!"

"To faɗi sunan mana, in kai namiji ne!" wani ƙato ya mayar masa daga kusurwa.

Madam Hortense, gwauruwar da ta ba su wurin, ta kama hannun Firmin. "Dattijo, ka raba ni da wannan masifa. Kafin Juma'a nake son sanin ko wane ne, tun ba su kashe juna a gidana ba."

A bakin taga Sajan Mazet yake tsaye yana sakace. Sun yi aiki tare da Firmin shekaru da dama.

"A'a, tsohon kare, kai suka kira?" Ya yi dariya. "Na gaya musu wannan ba aikin hukuma ba ne. Ni wallahi sai na ga ramin ma ya fi sauran wurin kyau."

Firmin ya matsa gaban zanen.

Daga kusa ba ka ganin komai sai dangwalen fenti, shuɗi da toka da ruwan ƙwai. Da ya ja baya taku biyar sai gadar ƙarfen da ke bisa layukan jirgin ƙasa ta fito, da sanyin safiya, hayaƙi na tasowa daga ƙasa, mata da lema, ma'aikata na sauri, dogayen gidajen nan sababbi masu kama ɗaya a baya. Ba wanda aka yi wa fuska. Amma titin kamar yana motsi.

A ƙasa wajen hagu kuwa, rami ne mai faɗin tafin hannu.

Ya durƙusa ya bi bakin ramin da ɗan yatsa. Ba yaga ba ce. An fara ɗan hudawa, sannan aka zagaya, yanka ƙanana-ƙanana a jere, ba inda zare ya fita. Ya duba ƙasa, ba ko ɓurɓushin fenti. Ya je ya duba ƙofa, makulli lafiya lau.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni, da Octave, da Gaspard," in ji Madam, ta nuna ƙaton. "Sai Zélie mai shara, ita kuwa me ya haɗa ta da zane?"

Zélie ɗin, mace mai furfura kaɗan a goshi, tana can tana goge ƙarfen matakala. Ba ta ɗago kai ba.

* * *

Sunan da aka fara ba shi shi ne Albéric Souchon, marubucin jarida da ya yi wa nunin kaca-kaca. Firmin ya same shi a gidan gahawa da hantsi, ya baje takardu a tebur.

"Ni?" Souchon ya ajiye kofi. "Ni in ɓata almakashina ko wuƙata a kan wannan ƙazanta? Dattijo, da alƙalami nake yanka, kuma biyana ake yi."

"An ce jiya ka tsaya gaban zanen ka daɗe."

"Na tsaya, mutum ya fi talatin a bayana. Na sa bakin lemata daidai wurin da ka ce an cire, na ce, jama'a, ku taimake ni, wannan mutum ne ko buhun kwal? Falon ya kwashe da dariya. Har wani ɗan dako da ya kawo kaya ya ce, ai mutum ne, yana ganin mai irin tafiyar nan kullum." Ya share baki. "Ka ga har jahilai sun fara fahimtarsu. Duniya ta lalace."

"Da kai ne za ka ɓata shi, ina za ka yanka?"

"Daga sama har ƙasa, sau biyu. Sannan in nemi lambar yabo."

Firmin ya yarda da shi. Mai jin haushi ba ya zagaye rami a natse.

* * *

Gaspard Thuillier yana zaune a ɗaki ɗaya can ƙarshen unguwar Montmartre, hannunsa na dama ɗaure da tsumma. Zanen masu wankau da na 'yan rawa sun cika bango.

"Na san abin da kake kallo," in ji shi. "Gwangwanin kifi ne. Ga shi can, je ka tuhume shi."

"Kun yi faɗa da Octave."

"Mun yi, kuma za mu sake! Ya rataye nasa a gaban taga, nawa ya kai su ɗakin baya kusa da inda ake ajiye riguna. Mutane na shiga su rataye hula a kan aikina na wata huɗu! Na ce zan fasa masa kai. Kansa na ce, ban ce zanensa ba." Ya juya baya. "Zanen nan, in gaya maka gaskiya, shi ne mafi kyau a benen. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kada ka gaya masa."

Firmin ya kwance tsumman ya duba. Yankan ya kwana uku aƙalla, yatsun sun kumbura, ko cokali ba za su riƙe da kyau ba.

"Ka tambayi shi Octave ɗin," in ji Gaspard yana rakiyarsa. "Tun safe mutane ke layi don ganin rami. Kwana tara ba a taɓa yin layi ba."

* * *

Octave ya yi tsalle da ya ji zargin.

"In huda aikina da hannuna? Baba, wata biyu ina tsayuwa a gadar nan ƙarfe bakwai na safe, hannuna na daskarewa!"

"Wa ke wurin da aka cire?"

"Wa? Ina na sani! Ni ba mutane nake zanawa ba, haske nake zanawa. Wurin yana buƙatar abu mai duhu, wani ya wuce, na sa shi."

"Kana da abin da ka fara zanawa da fensir?"

Ya binciko wani ɗan littafi ya buɗe. Layi bai fi goma ba. Mutum ne daga baya, da buhu a kafaɗar hagu. Kafaɗar dama ta faɗi ƙasa. Ƙafar dama ta karkace waje, kuma ba ta lanƙwashe ba, jan ta yake yi.

Firmin ya daɗe yana kallo. Wannan ɗan jan gemu bai san abin da ya yi ba. Ya bar fuska, wadda kowa ke iya ɓoyewa da gemu ko hula, ya kama abin da masu bin sawu ke nema.

Ya san ƙafar nan. Shekara shida da suka wuce ya bi ta daga wani shingen duwatsu na 'yan tawaye a unguwar Belleville, taku ɗaya cikakke, ɗaya ja, da ɗigon jini a gefe, har bakin wata rijiya inda ruwan sama ya shafe ta. Prosper Janvier, kafinta, shugaban mutum arba'in a lokacin tawaye. An yanke masa hukunci ba ya nan. Takardarsa ta ce yana da mata, tela.

"Ka gane wani abu?" in ji Octave.

"A'a," in ji Firmin. Ya rufe littafin. "Ka adana wannan. Kada ka nuna wa kowa."

Ya kamata ya tsaya nan. Ya sani tun yana sauka matakala. Amma sawun nan ne kaɗai ya taɓa kuɓuce masa a rayuwa, kuma yana son ya gani da idonsa.

* * *

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai saura yana kan gada, ya jingina da ƙarfe kamar mai kallon jirage. Hayaƙi ya taso ya rufe shi, ya wuce. Masu sayar da madara, 'yan mata masu aikin huluna, akawu da jakunkuna. Sai ga buhun kwal a kafaɗar hagu.

Ya bari ya yi nisa, sannan ya bi. Suka sauka daga gadar, suka bar manyan tituna, suka shiga lungunan da ba a kai ga rushewa ba, har wani fili da ake tara kwal. Mutumin ya sauke buhu ya zauna a kan amalanke. Ya tsufa fiye da shekarunsa, gemu ya cinye fuskar.

Firmin ya tsaya a bayan keken doki. Ba a jima ba wata mace ta zo da burodi a ƙunshe da ɗan tulun miya. Ta ajiye kusa da shi kamar ba ta san shi ba, ta wuce. A ƙugunta, ƙaramin almakashi ne ke lilo a jikin zare.

Mai sharar benen Madam ce. Ya tare ta a lungu na gaba.

"Madam Janvier."

Zélie ta tsaya cak. Ba ta yi ihu ba, ba ta gudu ba. Ta dai jingina da bango.

"Shekara shida ba wanda ya kira ni haka," in ji ta.

"Ina abin da kika cire?"

"Na ƙone shi a murhu." Ta dube shi. "Yallaɓai, ranar farko da suka rataye shi na gane. Na ce wa kaina, ke ce matarsa, ke kaɗai za ki gane. Sai ranar Talata mai lemar nan ya tara mutane a kansa, ɗan dako ya ce ya san tafiyar. 'Yan sanda na shigowa benen nan kullum su sha dariya. Me kake so in yi? In jira?"

"Me ya hana ku barin gari?"

"Da wace takarda? Da wace ƙafa?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ɗakinmu ma daban. Miyar nan da ka gani, ita ce aurenmu. Shi kuwa mai zanen ko sannu bai taɓa ce masa ba, ya ɗauke shi ya rataye a bango kowa ya zo ya kalla."

Ta ƙare masa kallo.

"Na san ka," in ji ta. "Kai ne ka zo gidanmu da soja a wancan lokaci. Kai ka duba ƙarƙashin gado."

"Ni ne."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ba na aikin kowa. Ba wanda zai ji daga bakina. Ki koma bakin shararki."

* * *

Ranar Juma'a da azahar Madam Hortense ta sa aka rufe ƙofar bene, ta tara su a gaban zanen. Octave, Gaspard, sauran masu zane, har Souchon ya zo da littafin rubutunsa. Zélie na can baya da tsintsiya.

Firmin ya tsaya, hula a hannu.

"Ba Souchon ba ne," in ji shi. "Ba shi da mabuɗi, kuma mai ƙiyayya tsakiya yake nufa. Ba Gaspard ba ne, hannunsa ya kumbura tun ranar Lahadi. Ba Octave ba ne. Matar gidan da yake haya ta ce bai fita ba sai takwas da rabi."

"To wane ne?" in ji Madam.

"Ban gano ba."

Souchon ne ya fara dariya.

"Kwana biyu yana shinshine-shinshine, ya dawo ya ce mana ba kowa ba ne! Madam, ɓera za ki tuhuma ke nan."

"Ƙarya ne!" Octave ya daka tsawa. "Yana rufa wa Gaspard asiri! Hannun hagu fa? Ba shi da hagu?"

"Zo in nuna maka hagun!" Gaspard ya yunƙura, mutum uku suka riƙe shi.

"Ya isa!" in ji Madam. "Gaspard, ka kwashe zanenka yau. Ba zan iya ba."

Gaspard ya yi fari fat. Nunin nan shi ne kaɗai inda wani zai ga aikinsa a shekarar. Firmin ya dubi ƙasa. Ya ji ƙarar tsintsiya ta faɗi.

"Ku ƙyale shi," in ji Zélie. "Ni ce."

Duk suka juya.

"Ina goge katakon gefen zanen, sandar tsintsiya ta huda shi. Na ji tsoro, na ce in gyara bakin da almakashi, abin ya ƙara girma. Shi ke nan. Ku yi mini abin da za ku yi."

Madam ta buɗe baki. Kafin ta yi magana aka ƙwanƙwasa ƙofa, Sajan Mazet ya shigo yana kakkaɓe baƙin ƙura daga hannun rigarsa.

"Ku yi haƙuri, na makara. Aiki ne ya riƙe ni a filin kwal." Ya dubi Zélie. "Madam Janvier, mijinki na gaishe ki. Bai ba mu wahala ba, ƙafar ba ta gudu."

Zélie ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa inda take, a hankali, kamar wadda aka zare wa ƙashi.

"Wane miji?" in ji Octave. "Me ake ciki ne?"

"Mutumin da ka zana, malam mai haske. Shekara shida muna nemansa." Mazet ya juya wajen Firmin, ya dafa kafaɗarsa. "Da na ga ka durƙusa gaban ramin nan ka yi shiru, na ce tsohon kare ya ji wari. Ni ban iya bin sawun ɗan tawaye ba, ban taɓa iyawa ba. Naka na bi. Jiya ina bayanka tun daga gada, ko sau ɗaya ba ka waiwaya ba."

Firmin ya cire hannun daga kafaɗarsa.

"Mutumin nan kwal yake ɗauka, Mazet. Me ya rage a jikinsa da za ku kama?"

"Ni ban rubuta hukuncin ba, abokina. Kai ma da can ba ka tambaya."

Alƙalamin Souchon na ta gudu a kan takarda. Octave ya matsa gaban zanensa, ya ja baya taku biyar, ya karkata kai.

"Ashe haka na kama shi," ya ce a hankali. "Ba fuska, ba komai, amma matarsa ta gane shi." Idonsa na ƙyalli. "Kun ji ko? Kun ji, ku masu cewa dangwale ne?"

Gaspard ya tofar da yawu a ƙasa, ya je ya ɗaga Zélie.

* * *

Labarin ya fito a jarida ranar Asabar. Layin masu kallo ya sauko matakala har titi. Octave ya ƙi a toshe ramin, kuma kafin a rufe nunin wani mai masaƙa daga Rouen ya saye zanen yadda yake. Madam Hortense ba ta kai Zélie ƙara ba, sallamarta kawai ta yi. Prosper Janvier kuwa, da damina aka sa shi a jirgin ruwa zuwa tsibirin da ake kai irinsu, tafiyar wata huɗu.

Firmin ya yi mako uku yana shawara kafin ya je. Ta koma wani tsohon gida a Belleville, hawa na biyar, tana ɗinkin rigunan ma'aikata. Da ta buɗe ƙofa akwai allura a bakinta. Ta cire ta.

"Madam, na zo ne in gaya miki, ban faɗa wa kowa ba."

"Na sani."

"Ban san yana bayana ba. Da na sani..."

"Na yarda, yallaɓai. Ka yi alkawari, ka cika." Ta soke allurar a gaban rigarta. "Abu ɗaya nake ta tambayar kaina. Ka riga ka gane shi tun a littafin mai zane, Gaspard ya ce har ka sa Octave ya ɓoye littafin. To me ka je yi gadar?"

Ya juya hularsa a hannu. Daga ɗakin maƙwabta ana jin jariri na kuka, wata na rarrashinsa.

"Ina so in tabbatar," in ji shi.

"To ka tabbatar."

Ta fara tura ƙofa, sai ta tsaya. Ta leƙa matakalar da ya hawo, ta daɗe tana saurare.

"In za ka sauka, ka bi ta baya," in ji ta. "Kuma kada ka dawo. Akwai sauran matan da ake neman mazansu a gidan nan."